Lafiyar Iyali: Mu Bar Yara Su Yi Gumi

A wannan wata za mu yi magana a kan wasan yara, abin da yawancinmu muke ɗauka ɓata lokaci ne. Yaro ya taso daga makaranta, mu tura shi lesin, in ya komo ya zauna gaban talabijin ko ya duƙufa a kan waya har barci ya kwashe shi. Mu kuwa sai mu ce, "Madalla, yaron nan ba shi da ƙiriniya." Ashe zaman nan yana cin jikinsa.

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya riƙa motsa jiki minti 60 a rana, irin motsin da ke sa numfashi ya yi sauri. Kwana 3 a mako kuma ya yi abin da zai ƙarfafa tsoka da ƙashi. Wani bincike da hukumar ta fitar a 2019, wanda ya shafi ƙasashe 146, ya nuna yara 81 cikin 100 masu shekara 11 zuwa 17 ba su cika wannan awa guda. A cikin 'yan mata ma abin ya kai 85.

Me ya sa wannan zai dame mu? Ƙashi abu ne mai rai. Duk sa'ad da yaro ya yi tsalle ya dira, ko tsoka ta ja ƙashi, sai ƙashin ya ƙara ƙwari. Yawancin ƙarfin ƙashin da mutum zai tsufa da shi, kafin ya cika shekara 20 yake tara shi. Rumbu ne da ake cikawa da kaka, a ci da bazara. Zuciya ita ma tsoka ce, aiki ke ƙarfafa ta. Yaron da ya saba da zama kuwa ya fi kusa da ƙiba, ita kuma takan jawo ciwon sukari da hawan jini nan gaba.

Waɗansu iyaye suna tsoron horon ƙarfi zai hana yaro tsawo. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce yaro zai iya somawa tun yana shekara 7 ko 8, muddin akwai babba mai lura da shi, nauyin kuma daidai ƙarfinsa ne. Haɗarin yana wajen ƙarfen nan da samari suke haɗawa da gwangwanayen siminti, suna gasar wa ya fi ɗaga mai nauyi. Wannan ba na yaro ba ne. Nauyin jikinsa ya ishe shi. Ya tsuguna ya tashi, ya kwanta rub da ciki ya tura ƙasa da hannuwa, ya rataya a reshe mai ƙwari ya ja jikinsa sama. Kowanne ya yi sau 8 zuwa 15, kashegari ya huta.

Ba sai mun kashe kwabo ba, gama wasanninmu na gida sun ƙunshi duk wannan. Langa tana ƙarfafa ƙafa, tana koya wa yaro tsayuwa da ƙafa ɗaya ba faɗuwa. Kokawa a kan yashi tana motsa jiki duka, har a Nijar tun 1975 ake gasar takobi ta ƙasa, wadda aka soma a Tawa. Ga kuma ƙwallo, da gaɗa, da tsallen igiya, da 'yar gala-gala.

Mu kula da 'yan mata musamman, domin su ne muka fi tsarewa a gida da zarar sun fara tasawa. Gaskiya ne daka da jan ruwa suna motsa jiki. Amma jarka mai lita 25 nauyinta ya kai kilo 25, ɗora wa ƙaramar yarinya ita a ka wahala ce mai kawo ciwon wuya da baya. A raba mata ruwan kashi biyu, a kuma ba ta lokacin wasa kamar 'yan'uwanta maza.

Ga abin da za mu yi. Mu keɓe awa guda da la'asar, sa'ad da rana ta yi sanyi. Mu share fili, mu kwashe fasassun kwalabe da ƙusoshi, mu ajiye ruwan sha kusa. Yaro mai sikila ko asma shi ma yana bukatar wasa, sai dai a nemi shawarar likita tukuna, a bar shi ya huta da zarar ya gaji. Uba da uwa kuma su fito wata rana su riƙe igiyar, gama abin da yaro ya ga babba yana yi shi yake yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.