Kuɗin Ƙungiyar Masu Gidaje: Jika Ɗaya A Wata, Ko Asarar Sito Guda?

A duk ƙarshen wata, idan ma'ajin ƙungiyar masu gidaje da shaguna ya ɗauko littafinsa ya fara zagaya unguwa, mun san amsoshin da yake ji: mai gida ya ƙetara Jibiya, mai gida yana Illela, a dawo ranar kasuwa. Wasu kuma su ce sun biya fatanti, sun biya kuɗin rumfa a ma'aikatar magajin gari, don me za a ƙara musu wani? Tambayar tana da hujja, amma mu a ganinmu wannan kuɗin shi ne kawai wanda yake aiki tun kafin masifa ta auku.

Idan dai ba a manta ba, daminar 2024 ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, kuma jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. A watan Satumba na shekarar, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya rushe. Kafin nan, a watan Agustan 2022, ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari a Kano, inda da yawa daga cikinmu muke saro atamfa da shadda, ya jiƙa kaya masu ɗimbin yawa. 'Yan kasuwar da kansu sun ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi bisa hanyoyin ruwa. Ruwan sama ikon Allah ne, amma magudanar da ta cika da leda da yashi aikin mutane ne. Idan ta toshe a ƙofar mutum ɗaya, siton maƙwabcinsa ne ruwan yake shiga.

To wane ne zai yashe ta? Jiran hukuma ba ya wadatarwa. A watan Afrilun 2024 gwamnatin mulkin soja ta rusa majalisun ƙananan hukumomi, ta naɗa kantomomi a madadinsu. Ko da zaɓaɓɓe ko da naɗaɗɗe, asusun gari bai taɓa isa a bi kowane lungu ba. Bugu da ƙari, unguwar da ta je ofishin da shugabanni da takarda da nata kason kuɗin a hannu, ta fi samun kunne a kan mutum ɗaya mai ƙorafi.

Mu yi lissafi irin namu na kasuwa. Idan gidaje da shaguna 100 suka ba da jika ɗaya kowane wata, an sami sefa 100,000, a shekara kuwa miliyan ɗaya da 200,000. Da wannan ana iya biyan mai gadin dare, a yashe magudana kafin ruwan farko, a sa fitila mai aiki da hasken rana a mashigar layi, a ajiye tulun kashe gobara. Ɗan kasuwar kan iyaka ya fi kowa buƙatar waɗannan, domin shi ne yake barin iyali da kaya ya yi kwanaki a hanya. Mun gani lokacin rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, yadda kaya suka daɗe jibge a sito. Jarin mutum gaba ɗaya yana bayan ƙofa guda da kwaɗo guda.

Sai dai kuma dole mu faɗi gaskiya: da yawa sun daina biya ne saboda an ci amanarsu. Mun sha jin kukan masu sauraro a kan shugabannin da suke karɓa shekara da shekaru ba tare da bayani ba. Maganin wannan a bayyane yake. Kowane biya a ba da rasit. Kuɗi su kwana a asusu, kada a cire sai da sa hannun mutum biyu ko uku. Duk bayan wata uku a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban jama'a da mai unguwa. A kayyade wa'adin shugabanci. A kuma rubuta tun farko ko mai gida ne zai biya ko ɗan haya, sannan mai biya da naira a tsaida masa farashin canjin ranar, don kada a yi gardama.

Wanda ya ƙi biya ya zubar da damarsa ta tambayar inda kuɗi suka shiga, kuma irin wannan shirun ne yake yi wa maciya amana daɗi. Saboda haka, 'yan'uwa, mu biya, mu karɓi rasit, mu halarci taro, mu nemi lissafi tun rani bai wuce ba. Allah ya tsare mana dukiya da iyali.