Lissafin Kaka, Lissafin Kai



A garinmu Mahuta, idan kaka ta yi, aka gama casar masara aka ɗinke buhuna, Baba yakan zauna a zaure da ɗan littafinsa. Buhu nawa aka samu? Nawa taki ya ci? Nawa aka biya 'yan ƙwadago? Shekarar da gona ta gaza, ba ya ɗora wa damina laifi ya tashi. Sai ya binciki kansa: yaushe na zuba taki, na yi firi da maimai a kan kari kuwa?

Ban san amfanin wannan zama ba sai da na rubuta JAMB karon farko. Cikin maki 400 ko rabi ban samu ba. Abokaina suka wuce jami'a, ni na zauna gida shekara guda. Na ɗora wa malamai laifi, na ɗora wa rashin wuta. Baba ya saurare ni har na gama, sannan ya miƙo min littafi ya ce, "To, zauna ka yi lissafin taka gonar."

Da na rubuta yadda nake cinye yinina, kunya ta kama ni. Bayan sallar isha'i waya ce a hannuna har tsakar dare. Darussan da nake so kaɗai nake karantawa, Kemistiri kuwa gudunsa nake yi, kuma nan aka kayar da ni.

Malamai suna kiran wannan ɗabi'a muhasaba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware mata babi a littafinsa Ihya'u Ulumiddin.

Tun daga lokacin, kafin in kwanta nakan amsa tambayoyi uku a rubuce. Me na koya yau? Ina lokacina ya tafi? Wa na ɓata wa rai? Minti biyar ya isa. Ba don in tsangwami kaina ba, don gobe in gyara abu ɗaya. A zama na biyu Allah ya ba ni sa'a.

Ƙanina, ƙanwata, kada ku jira sakamako ya yi muku lissafin, domin a lokacin damina ta riga ta wuce. Ku yagi 'yan shafuka daga tsohon littafinku, ku fara daren yau.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.