Kenshi, wasan mai gadi: ku daina auna shi da kyan hoto



Ranar Asabar da ta wuce, cikin filinmu na matasa, mun taɓo maganar wani wasan kwamfuta mai suna Kenshi. Minti biyar kawai muka ba shi, amma saƙonnin da suka biyo baya sun fi na maganar tsadar forfe yawa. Wani ya ce hoton wasan kamar na zamanin da, kunya ma yake ji ya kunna shi gaban abokai a fada. Wani ya ce bai yi minti goma da farawa ba wasu 'yan fashi suka yi masa dukan kawo wuƙa, nan take ya goge shi. Wasu kuma, su ne 'yan gani-kashe-nin wasan, suka ce kar mu kuskura mu faɗi aibinsa, tunda mutum ɗaya ne ya yi shi don sha'awa.

To, mu dai ba mu tare da na farko, ba mu tare da na ƙarshe. Lokacin rediyo gajere ne, shi ya sa muka kawo maganar nan, inda babu mai ɗaga mana hannu ta bayan gilashi cewa lokaci ya cika.

Ga wanda bai san shi ba, Kenshi wasa ne irin wanda ake sakin ka cikin duniya mai faɗi, ka tafi inda ka ga dama, mutumin da kake riƙe da shi yana ƙaruwa da ƙarfi da gwaninta gwargwadon abin da ya sha. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Chris Hunt ne ya ƙera shi. Ba ma'aikacin wani babban kamfani ba ne. Aikin gadi yake yi da dare don ya samu na abinci, sauran lokacinsa kuma yana kan kwamfuta. Ya yi shekaru shi kaɗai. A 2013 ya sa wasan a kasuwar Steam tun bai ƙare ba, kuɗin da ya samu ya ɗauki wasu 'yan mutane kaɗan, suka zama ƙaramin kamfanin Lo-Fi Games a birnin Bristol. Sai ranar 6 ga Disamba 2018 cikakken wasan ya fito, bayan wajen shekara 12 ana aiki. Daga baya an sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya.

Mu fara da kai mai cewa hoton ya yi muni. Gaskiyarka, ya yi muni. Fuskokin mutane kamar an sassaƙa da gatari, ƙasa duk ƙura da tsatsa. Amma mu tambaye ka: wasannin nan masu ƙyalƙyali da ke cikin salularka, mi suke ba ka bayan ƙyalƙyalin? Free Fire da PUBG kyauta ake ɗaukowa, mun sani. Sai dai kullum sai da konekson, kullum mega na tafiya, kuma kowane mako ga sabuwar riga, ga sabon fentin bindiga, a sayi lu'ulu'u da kuɗi na gaske. Mun san samari da ba su iya faɗa maka nawa suka zuba ciki a shekara. Kenshi sau ɗaya ake saye. Babu kanti a cikinsa mai neman kuɗinka, kuma in ka sauke shi ba ya bukatar intanet. A garin da konekson ke tafiya da dawowa kamar kuran, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kai kuma da aka buge cikin minti goma, ai abin da ka gudu saboda shi, shi ne wasan. Galibin irin waɗannan wasanni suna buɗewa ne da yi maka kirari: kai ne zaɓaɓɓe, kai duniya ke jira. A Kenshi ba kowa ba ne kai. A farawar da aka fi sani, ana ajiye ka a wani rusasshen gari da tsumma a jiki, da guntun makami, da kuɗin wasan 1000 waɗanda ba su kai ka ko'ina. Akwai farawar da za ka tashi tsakiyar hamada da yunwa, hannu ɗaya ya guntule. Akwai wadda za ka tashi bawa, da mari a ƙafa. Abokan gaba ba su rage ƙarfi don kai sabo ne. Mayunwatan 'yan fashi za su iya taruwa su doke ka don guntun abincin da ke jakarka. Akwai wata dabba mai dogon wuya, daga nesa sai ka ce raƙumin dawan Kure ne, amma ita da ranka take fara cin ka.

Abin da ya burge mu shi ne, faɗuwa ba ita ce ƙarshe ba. In an doke ka ba ka mutu ba, ka farfaɗo, ka ɗaure rauni, ka rarrafa zuwa gari, to jikin mutuminka ya ƙara tauri, kuma wasan yana lissafa wannan da lamba. In ƙafa ta guntule, za ka ja ciki har ranar da ka tara kuɗin ƙafar ƙarfe. In masu kamun bayi suka tsince ka a sume, labarin bai ƙare ba, ya koma na koyon buɗe kwaɗo da neman daren gudu. Ƙaninmu mai riƙe mana na'urori a situdiyo ya yi kwana uku mutuminsa na fasa dutse a ma'adinar bayi kafin ya tsere da wani da suka haɗu a can. Ba wanda ya rubuta masa wannan labari. Dokokin wasan ne suka haɗu suka haife shi, kuma naka ba zai zama irin nasa ba.

Duniyar kanta tana da faɗin murabba'in kilomita 870, ta fi birnin Yamai nesa ba kusa ba, kuma ba ta jiran ka. Akwai daular masu bautar wani abin bauta Okran, masu ƙyamar duk wani mutum-inji har da mai hannun ƙarfe. Akwai haɗakar biranen masu kuɗi inda talauci kansa laifi ne, a kama ka don ba ka da ko tamma. Akwai Shek, mayaƙa masu ƙaho da ke ganin mutuwa a fagen fama ita ce daraja. Suna yaƙin junansu ko kana nan ko ba ka nan. In ka gina gari, masu karɓar haraji za su zo ƙofarka, ko masu wa'azi, ko 'yan fashi, gwargwadon ƙasar wanda ka zauna. In ka kama ko ka kashe shugaban wani ɓangare, garuruwa suna iya sauya hannu. Daga mutum ɗaya kana iya tara tawaga har 30: manoma, maƙera, 'yan kasuwa, masu gadin ƙofa.

Yanzu mu juyo gare ku masu cewa kar a taɓa shi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Na farko, nauyi. An gina wasan kan wani tsohon injin wasa na kyauta mai suna OGRE, an ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Kana cikin gudu, 'yan fashi na bin ka, sai komai ya tsaya cik, wai yana ɗauko sabon yanki. In kwamfutarka irin tamu ce, tsohuwa 'yar gwanjo, kana iya zuba shayi ka dawo bai gama ba. Su kansu masu wasan, da suka tashi yin Kenshi 2, sun bar wannan inji sun koma Unreal.

Na biyu, mutanen cikin wasan wani lokaci ba su da wayo ko kaɗan. Ka tura mutum ya shiga gida, ya maƙale a jikin bango. Ka ba shi aikin kai kaya rumbu, ya tsaya yana kallon ƙofa. Ka ce su tafi gari kaza, ɗaya ya yanke hanya ta cikin abokan gaba. Har akwai wata hanya da aka tanada ta sake shigo da ajiyarka cikin sabuwar duniya, wadda 'yan wasa ke amfani da ita in abubuwa suka cakuɗe. Wanda ya sa wa mota igiyar ja tun daga kamfani ya san halin motarsa.

Na uku, wasan ba ya koyarwa yadda ya kamata. Wahala daban, rashin bayani daban. Mun yarda a doke mu. Ba mu yarda mu yi awa biyu muna neman dalilin da ya sa injin niƙa ba ya aiki ba, alhali layi ɗaya na bayani ya isa. Yawancin sababbi sai sun koma YouTube kafin su gane kansa, wato megan da muka ce an huta da shi ya dawo ta taga.

Na huɗu, maimaici. Hanyar samun kuɗi mafi sauƙi a farko ita ce haƙar jan ƙarfe kusa da gari, a kai kanti, a dawo, a sake. Hanyar ƙara ƙarfi ita ce a cika jaka da kaya mai nauyi, a saɓa mutum a kafaɗa, a yi ta zagaye gari. Wannan aikin gajiya ne kawai. Sannan in tawagarka ta yi ƙarfi har ba mai iya taɓa ta, daɗin yana raguwa, domin babu wani babban labari da ke jan ka zuwa ƙarshe. Tsoro ne gishirin wasan, in ya tafi sai lami.

Na biyar ya shafe mu kai tsaye. Kenshi na kwamfuta mai Windows ne kaɗai, ba ya kan salula. Yana cin wuri fiye da jiga 10. Kuɗinsa wajen dalar Amurka 30, ya haura jikka 15 na sefa ke nan, kuma sai da katin banki ko wata hanyar biya ta intanet. Saurayi nawa ne a unguwanninmu ya haɗa waɗannan duka?

Ga iyaye kuma, ba za mu ɓoye muku ba: wanga ba wasan yara ba ne. Akwai jini, akwai masu cin naman mutane, akwai giya da fataucin wiwi. Akwai bauta, kuma wasan yana barin ka ka yaƙe ta ko ka ci riba da ita, ka kama mutum ka sayar. A ƙasar da sai a 2003 doka ta mai da bauta laifin da ake hukuntawa, wannan ba abin da za a miƙa wa ɗan firamare ba ne a juya baya. Babba mai hankali zai ga cewa wasan yana nuna munin abin ƙarara. Yaro ɗan shekara goma maɓalli kawai zai gani.

To mi ya sa duk da wannan jerin muke tsaye bayansa? Domin kyansa da muninsa daga tushe ɗaya suka fito: babu shugaba a kan mai shi. Da a babban kamfani ne, da an gyara masa bango da ƙofa, an wanke fuskokin mutane, an sa kibiya mai nuna hanya. Amma a zama na farko za a ce masa: ba za ka bari a guntule ƙafar mai saye ba, ba za ka bar shi kwana uku cikin mari ba, zai gudu ya bar mu. Da an cire abin da ya sa Kenshi ya zama Kenshi. Mutumin da ke gadin dare ba ya da wanda zai ba hakuri, shi ya sa ya yi wasan da yake so ya buga. Wannan 'yanci ne ya ba mu duniyar da ba ta yi wa kowa fadanci, kuma shi ne ya bar mu da mutum maƙale a bango.

Sai dai fahimtar dalili ba yafiya ba ce. Ranar da ka sa wa abu farashi, ka fita daga sahun masu yi don sha'awa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya biya jikka 15 yana da hakkin ya yi ƙorafi, kuma mai ce masa ya yi shiru don mutum ɗaya ne ya fara aikin, ba ya taimakon kowa. Abin yabo a nan shi ne an saki wasan tare da kayan gyaransa, har 'yan wasa da kansu suka yi dubban gyare-gyare, wasu na rage nauyi, wasu na ƙara garuruwa da makamai. Masu son abu da gaske haka suke yi: su faɗi aibinsa, su sa hannu.

Maganarmu ta ƙarshe ga ƙannenmu masu karatun kwamfuta a Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa, waɗanda ke turo mana 'yan wasannin da suka gwada ƙerawa, suna ba da hakuri tun kafin mu buɗe wai hoton bai yi kyau ba. Ku daina ba da hakurin nan. Godot kyauta ne, Blender kyauta ne. A Kamaru, matasan Kiro'o Games na Yawunde sun fitar da Aurion a 2016. Abin da za ku ɗauka wurin Chris Hunt shi ne ya san abu ɗaya da yake son mai wasa ya ji a jikinsa, ya riƙe shi shekara 12. Abin da ba za ku ɗauka ba shi ne faɗin. Kar ku fara da kilomita 870. Ku fara da kasuwa ɗaya, rijiya ɗaya, hanya ɗaya tsakanin ƙauye biyu, amma ƙofa ta buɗe in an taɓa ta, mutum ya isa inda aka tura shi. In mun gwada muka ga aibi za mu faɗa muku a fili, kamar yadda muka faɗi na Kenshi.

Wanda ya goge shi bayan minti goma, in yana da hali ya sake saukewa, ya bari a doke shi sau uku, sannan ya zo mu yi gardama. Wanda ya daɗe yana bugawa, ya rubuto mana nan ƙasa wurin da wasan ya fi ba shi haushi. Za mu karanta wasu ranar Asabar in Allah ya kai mu.