LAULAYI BA LALACI BA NE

Duk wanda ya saba hawa Arewa ta hanyar Abuja zuwa Kaduna ya san mahaɗar Diko, kusa da Suleja cikin Jihar Neja. Ya kuma ga matan wurin, waɗansu na sayar da doya a bakin titi, waɗansu na fitowa daga gona da kaya a kafaɗa. Cikinsu akwai masu ƙaramin ciki, waɗanda ko ruwa ba ya zama a cikinsu, amma ba su fasa aiki ba don gudun a ce musu ragwaye. Irin waɗannan mata su ne magidanta da yawa suka baro a garuruwansu, suka taho Ikko ko Badun ko Shagamu neman abinci. Saboda haka maganar ta shafi masu karanta wannan shafi.

Likitoci sun tabbatar cewa cikin mata goma masu ciki, kamar bakwai suna fama da tashin zuciya ko amai. Abin yakan soma cikin wata na biyu, ya lafa wajen wata na huɗu. Cikin 2023 masana na Jami'ar Cambridge ta Ingila da abokan aikinsu suka nuna cewa wani sinadari da ke fitowa daga mahaifa ya shiga jinin uwa shi ne babban dalilinsa. Watau dai ba son jiki ba ne, ba kuwa sammun kishiya ba.

Ga yawancin mata wahala ce mai wucewa. Amma mace ɗaya zuwa uku cikin ɗari takan yi laulayi mai tsanani, ta rame, ruwan jikinta ya ƙare, har abin ya taɓa lafiyarta da ta abin da ke cikinta. Wannan ciwo bai san talaka ko basarake ba. Cikin Disamba 2012 sai da aka kwantar da matar Yarima William na Ingila a asibiti saboda shi. In mai likitocin fada ta kwanta, ina ga wadda ke daka da surfe, tana hura wutar icce da hayaƙi a fuska?

Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne kunya. Yarinya mai cikin fari ba ta iya buɗe baki gaban surukai ta ce ga abin da ke damunta. Miji kuwa yana Kurmi, sai dai a ce masa kowa lafiya. Lalle ne maigida ya riƙa tambaya da kansa, ya kuma wakilta wata babbar mace da matar ba ta jin nauyinta. In ta yini ta kwana tana amayar da kome har ruwa, ko fitsarinta ya ragu ya yi ja, ko jiri na ɗibarta, ko aka ga jini cikin aman, to, ba sauran jira. A kai ta asibitin da ya fi kusa, in ya gagara a wuce Babban Asibitin Suleja a yi mata ƙarin ruwa.

Sai kuma gargaɗi game da magani. Kada kowa ya sayi ƙwaya a kemis ko cikin mota ya aika gida. Tsakanin 1957 da 1961 an ba mata masu laulayi a Jamus da Ingila da waɗansu ƙasashe wani magani mai suna thalidomide, aka haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasa, da yawansu ba cikakkun hannuwa ko ƙafafu. Akwai magunguna marasa lahani, amma likita ko ungozomar asibiti ne za su rubuta. A gida kuwa, ta riƙa ci kaɗan-kaɗan, tana kurɓar ruwa a kai a kai, ta gwada citta, a kuma ɗauke mata girki in warinsa na tayar mata da zuciya. In azumi ya same ta cikin wannan hali, shari'a ta yi mata sauƙi.

Wannan jarida tana kira ga sarakunan Hausawa na Sabo da Agege da limaman unguwanni su riƙa tuna wa jama'arsu cewa kuɗin awon ciki yana gaba da kuɗin ragon suna. Allah ya sauki matan lafiya, amin.