Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

Mu da muka yi aiki a ɗakin karatu na makarantar likitoci a farkon shekarun 1980, akwai ƙamshin da har gobe ba zai bar hancinmu ba: ƙamshin sabuwar mujalla idan an farke ambulan. Daga Landan ko Amurka take tasowa, ta yi wata biyu ko uku a hanya. Mu buga mata hatimi, mu shigar da ita a kati, mu ɗora ta a kanta. Kafin a kira la'asar an yi mata layi. Farfesa ne zai fara, sai manyan likitoci, ɗalibi kuwa sai ta yi laushi kamar tsohuwar takardar kuɗi kafin ta iso hannunsa. Ba mai ƙorafi, don kowa ya san abin da ke ciki ya isa a jira shi.

Sai 1986 ta zo da tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida, wanda duk muka sani da SAP. Naira da a 1985 ta ɗan fi dala daraja, kafin 1987 ta ƙare sai ka haɗa huɗu ka sami dala guda. Mujallun nan kuwa da kuɗin waje ake biyan su, shekara-shekara. Ɗaya bayan ɗaya suka ɗauke ƙafa. In ka bi kanta da yatsa za ka ga kundin 1984, ga na 1985, daga nan sai ƙura da yanar gizo-gizo.

Cikin wannan fari ne wani matashin likita ya zo wurina daga wani asibitin karkara, bayan tafiyar rabin yini a motar haya. Shi kaɗai ne mai riƙe wuƙa a asibitin, ga kuma yara ana ta kawo masa waɗanda taifot ya huda wa hanji. Yana buɗe su, yana ɗinke hujin, wasu su tashi, wasu ɗinkin ya saki bayan kwanaki. Ya ji an ce wani ya yi rubutu a kan lokacin da ya kamata a ɗinke da lokacin da ya kamata a yanke ɓangaren hanjin gaba ɗaya. Muka jawo Index Medicus, littafin nan mai kaurin tubali da ke jera maƙalolin likitanci na duniya, wanda aka fara bugawa a Amurka tun 1879. Muka same ta: ga suna, ga marubuci, ga lambar shafi. Mujallar ce babu.

Ya ɗago kai ya ce, "Malam, wato dai akwai ta a duniya, mu ne ba mu da ita?"

Na ce, "Haka ne, Likita. Rijiya ta bayar, guga ya hana."

Da ƙyar muka lalubo adireshin marubucin. Na ba shi katin gidan waya irin wanda ake roƙon kwafin maƙala da shi, ya cike, ya manna kan sarki, ya kama hanyar tasha.

Yaran yanzu in ka ba su wannan labari sai su yi murmushin da ake yi wa tsoho mai ƙarin gishiri. Ba laifinsu ba ne. Ɗaliba a Sakkwato ko Maraɗi za ta ciro waya daga aljihun farar rigarta, ta latsa, maƙala ta sauko kafin shayinta ya huce. Sun taso sun tarar da ƙofa a buɗe, sai suka ɗauka haka aka gina ɗakin.

Karin maganar da na yi wa likitan nan ba ta baki ba ce kawai. Mu duba yadda maƙala ke zuwa duniya. Mai bincike ba a biyan sa ko kwabo don rubutunsa. 'Yan uwansa masana da ke tantance aikin su ma kyauta suke yi. Kuɗin binciken sau da yawa daga baitulmalin jama'a ya fito. Amma wanda ya fi kowa bayarwa shi ne aka fi mantawa da shi, wato mai jinya. Mu tuna aikin Farfesa Kelsey Harrison a Zariya, wanda ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibiti, aka buga sakamakon a 1985 a mujallar likitocin mata ta Birtaniya. Aikin yana cikin waɗanda suka farkar da duniya kan mutuwar mata wurin haihuwa, har aka kai ga taron Nairobi na 1987. Kowace lamba a cikinsa uwa ce daga cikin iyayenmu, da naƙudarta da jininta. Daga gadon asibitinmu aka ɗebo ruwan nan. Tambayar da ta dame mu a lokacin ita ce, ungozoma da likitan da ke karɓar haihuwa a ƙauye, ta wace hanya za su sha?

Ashe ba mu kaɗai ke jin ƙishin ba. Har manyan jami'o'in Turawa sun fara kuka da tsadar mujallu. A watan Yuni na 1997 aka buɗe PubMed kyauta ga duk mai intanet, aikin da muke yi da tubalin nan ya koma na daƙiƙa kaɗan. A 2000 Harold Varmus, wanda ya ci kyautar Nobel, ya ga kafuwar PubMed Central, rumbun da ake ajiye maƙala sukutum ba taƙaitawa kawai ba. Shi da abokansa suka fito da wasiƙar da masana fiye da 30,000 suka sa wa hannu, suna neman a saki sakamakon bincike ga kowa. A Fabrairun 2002 aka fitar da sanarwar Budafes ta ƙasar Hangari, wadda ta raɗa wa abin suna: buɗaɗɗiyar ƙofa, kowa ya karanta, ya sauke, ya raba, ba tare da biyan komai ba.

Mu a nan, iskar ta fara kaɗo mu ne ta hanyar HINARI, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙulla da manyan kamfanonin ɗab'i shida, aka buɗe wa ƙasashe matalauta mujallu kusan 1,500 a 2002. Wa zai manta kalmar sirrin nan da muke rubutawa a 'yar takarda mu kulle a durowa? Kwamfuta ɗaya, janareta na kuka, shafi na saukowa layi-layi, likitoci sun yi cirko-cirko a baya kamar masu jiran ganin wata. Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. A farkon 2011 masu bincike a Bangaladash suka wayi gari an janye musu mujallu kusan 2,500 daga shirin, sai da aka yi ta surutu kafin a mayar. Ranar muka gane bambancin ƙofar da aka buɗe maka don alfarma da wadda aka cire wa ƙyaure.

Wanda yake ganin maganar ta 'yan boko ce kawai, ya tuna Laberiya. Wasu masana Jamusawa sun gwada jinin mutanen ƙasar, suka ga alamun Ebola, suka yi gargaɗi a wata mujalla ta Turai a 1982. Babu ɗan Laberiya ko ɗaya cikin marubutan. Sai a 2015, bayan annobar da ta ci rai fiye da 11,000 a Afirka ta Yamma, babbar jami'ar lafiya ta ƙasar, Dokta Bernice Dahn, da abokan aikinta suka bayyana wa duniya cewa sun ci karo da gargaɗin, kuma sauke irin wannan maƙala zai ci wa likitansu dala 45, kusan albashin rabin mako. Ba mai cewa takarda ɗaya za ta tare annoba. Amma an ɗebi jininsu, labarin jinin bai koma gida ba. Annobar nan kuwa har Legas ta iso a 2014, ta tafi da Dokta Stella Adadevoh.

To, yau mun tsira ke nan? An gudu dai, ba a gama tsira ba. Ɗab'i yana cin kuɗi, banza ba ta kai zomo kasuwa. Shingen da aka ɗauke daga gaban mai karatu, a wurare da yawa an dasa shi a gaban mai rubutu. Wasu manyan mujallun likitanci sai ka ajiye dala dubu uku, dubu biyar ko fiye kafin a buɗe maƙalarka ga kowa. Akwai rangwame da yafiya ga ƙasashe marasa ƙarfi, amma ba kullum suke kaiwa ga kowa ba. Likitan fiɗa da ya yi shekara ashirin yana gyaran yoyon fitsari a Katsina ko Damagaram ya san abin da wani farfesa a Turai bai taɓa gani ba. Yanzu yana iya karanta na kowa, nasa ne ke da wuyar fita. Jiya an toshe mana kunne, yau baki ake nema a toshe.

Ga kuma kura da fatar akuya. Mujallun bogi sun cika intanet, suna aiko da wasiƙun zaƙin baki, ka biya yau a buga jibi, ba mai duba komai. A 2013 wani ɗan jarida, John Bohannon, ya ƙaga maƙalar ƙarya kan maganin ciwon daji mai cike da kurakurai da gangan, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. Matashin da ke neman ƙarin girma a jami'a shi ne ya fi faɗawa wannan rami, kuma a likitanci ƙarya ba ta tsayawa a takarda, tana bin wuƙa har ɗakin tiyata.

Shi ya sa nakan ji takaici in na ga muna raina namu. African Journals Online tun 1998 take tattara mujallun nahiyarmu wuri guda. Annals of African Medicine daga Sakkwato ta taso, kowa na iya karanta ta kyauta. Irin waɗannan rijiyoyin ƙofar gida ne. In ba mu aika musu aikinmu mai kyau ba, in manyanmu ba su zauna sun tantance musu rubutu da gaskiya ba, in jami'o'inmu suna ba su maki kaɗan don kawai ba daga ƙetare suka zo ba, wa muke jira ya yashe mana su?

Likitan nan nawa ya dawo bayan wata uku, riƙe da ambulan mai kan sarkin ƙasar waje. Marubucin ya aiko da maƙalar, har da 'yar gaisuwa da biro a saman shafin farko. Takardar ta riga ta sha layi da jan alƙalami. Ya ce, "Malam, ina ake fotokwafi a nan kusa?" Da kuɗin aljihunsa ya yi kwafi goma sha biyu. Ya ba ni ɗaya na ajiye a kantar nan mai ƙura, sauran ya rubuta sunayen abokansa da ke asibitocin karkara, ya ce zai ba direbobin tasha su kai musu.

A lokacin ba a fitar da sanarwar Budafes ba, ba mu ma taɓa jin kalmar intanet ba. Shi dai ya san yaran da ke kwance a asibitin abokinsa ba su da bambanci da nasa. Wannan ne abin da nake tsoron mu manta yanzu da guga ya zo hannunmu: in ka sauke maƙala a wayarka yau da dare, ka tuna akwai wani likita a wani ƙauye da bai san an rubuta ta ba.