Kafin a sake kwance injin, a gwada shi da waya

Ba ƙaramin takaici ba ne mutum ya zuba kuɗi a kwance masa inji, a sa sabbin fistin da ringi, a ɗaure, ranar da aka tayar kuma sitiyari ya kama rawa a hannunsa. Masu MGB, motar ƙwalisar nan da aka ƙera a Abingdon ta Ingila daga 1962 zuwa 1980, suna yawan cin karo da wannan. Shawarar da aka fi saurin ba su ita ce a sake sauke injin a duba. Ni a ganina wannan gaggawa ce mai tsada, domin wayar da ke aljihunka za ta iya nuna maka inda ya kamata a fara nema.

Ba ina nufin ƙaramar na'urar ELM327 da ake haɗawa da manhajar Torque ba. Ita sai motar da ke da kafar OBD-II, wadda aka wajabta a Amurka daga 1996. MGB ba ta da kwamfuta sam, kafireto biyu ne da fulogi huɗu. Abin da zai yi aiki shi ne na'urar jin motsi da ke cikin wayarka, wadda ke juya maka allo idan ka kwantar da wayar. Manhajar phyphox ta jami'ar RWTH Aachen a Jamus kyauta ce, kuma tana iya nuna sau nawa abu ke jijjiga a daƙiƙa ɗaya.

Da farko ka tabbatar laifin na inji ne. Idan jijjigar ba ta zuwa sai mota na gudu a titi, kuma ba ta barin ta ko an sa giya a furi, a duba tayoyi da farfela. Idan kuwa mota na tsaye, kana taka totur tana ƙaruwa, to daga inji take.

Lissafin ba wuya. Ka manne wayar a jikin ƙarfen kujera, ka riƙe injin a juyi 1,800 a minti. Raba da 60, ka sami juyi 30 a daƙiƙa. Yanzu duba inda zanen ya fi yin tsini.

Idan a 15 ne, wato rabin juyin, ka yi hamdala. Kowace silinda sau ɗaya take kama wuta a juyi biyu, saboda haka wannan alama ce ta silinda ɗaya mai rauni. Fulogi ne, ko wayarsa, ko bawul da ba a saita tazararsa daidai ba. A duba ma ko an jera wayoyin fulogi bisa tsarin 1-3-4-2, domin a ruɗanin ɗauri ana musanya biyu ba a sani ba. Duk wannan aikin yamma ɗaya ne, buɗe bonet kawai.

Idan a 60 ne, wannan halin duk inji mai silinda huɗu a jere ne, haka aka haife shi. Ya yi yawa fiye da da? A duba robobin da injin ke zaune a kai, da ko salansa na taɓa jikin mota.

Mai zafin ita ce 30. Tana nufin akwai abin da ke juyawa da nauyi a gefe guda: fulaiwil, ko murfin kuloci da aka mayar ba a yadda aka ciro shi ba, ko fistin da nauyinsu bai zo ɗaya ba. A MGB ba a kai wa ga kuloci sai an ciro injin, shi ya sa nake cewa a nan ne kaɗai sake saukewa ke da hujja. Wannan lissafi bai tsaya ga motar Ingila ba. Mai Peugeot 504 ɗin Kaduna ma zai iya yin sa, tunda ita ma silinda huɗu ce a jere.

Amma kada wani ya ɗauki hoton allo ya tafi gareji yana wa bakanike gadara. Wayar tana da iyaka. Daga Android 12 an taƙaita yawancin manhajoji ga awo 200 a daƙiƙa, kuma rabin wannan adadi kawai za ka iya gani a zane, wato 100. Da injin ya wuce juyi 3,000, tsinin nan na ninki biyu ya fita daga abin da wayar ke iya kamawa. Agogon juyi na mota mai shekara hamsin ma yakan yi ƙarya, don haka a auna a gudu biyu ko uku a ga ko tsinin na tafiya tare da totur. Kuma kada a ɗaure wayar a kan injin kansa: ban da zafi da bel, a 2021 Apple ya yi gargaɗi cewa jijjigar injin manyan babura na iya lalata kyamarar iPhone.

Wayar kuma ba ta ganin mai. Idan allurar matsin mai ta faɗi, ko ka ji ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji, ka ajiye ta ka kashe motar nan take, ka kira wanda ya ɗaure injin.