Kafintocin Katako Da Ribar Da Ke Cikin Kyautar Samfuri

Duk wanda ya taɓa aurar da 'ya a garin Jos ya san hanyar Kasuwar Katako. A wannan kasuwa ta Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, wadda ta samo sunanta daga katakon da ake sayarwa a cikinta, ake cinikin itacen da ke zama gado da kujeru da wadirob da sauran kayan ɗakin amarya. Sai dai sau da yawa cinikin da aka fara da fara'a yakan ƙare da ɓacin rai. Uban amarya ya nuna wa kafinta hoto a waya, ya ba da kafin alƙalami, bayan mako uku a kawo kaya, sai a tarar wadirob ya tokare silin, ko gado ya hana ƙofa buɗewa. Daga nan sai musu, ko a koma a yanke katakon da aka riga aka saya da tsada.

Irin wannan asara tana da magani, kuma maganin ba ya bukatar jari mai yawa. Akwai manhajojin tsara gida da ake sakawa a na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, inda mutum zai zana ɗakinsa bisa ainihin awonsa, ya sa ƙofa da taga a inda suke, sa'an nan ya jera kayan ɗaki ya duba yadda za su zauna tun kafin a sa zarto a jikin katako. Kowane gado ko kujera da ake jerawa a ciki samfuri ne mai tsawo da faɗi da tsayi, wanda wani ya zauna ya ƙera a na'ura. Shawarar da ta dace da kafintocin Katako ita ce su ƙera samfurin kayan da suke yi, su sake shi kyauta ga duk mai so.

Kayan aikin dai suna nan a ɓagas. Wani Bafaranshe mai suna Emmanuel Puybaret ya fito da manhajar Sweet Home 3D a shekarar 2006, ana kuma sauke ta a kwamfuta kyauta, tare da tarin samfurori da masu amfani da ita suka ƙera suka bayar. Manhajar Blender, wadda ake ƙera samfurin da ita, ta zama mallakar jama'a a shekarar 2002, bayan da masu sha'awarta suka tara Yuro 100,000 cikin mako bakwai suka fanshe ta. Haka kuma SketchUp, wadda kamfanin Google ya saya a 2006 ya sayar wa Trimble a 2012, tana da rumbu mai suna 3D Warehouse, inda masu zane da kamfanonin kayan gini ke zuba samfurorinsu domin kowa ya ɗauka.

Abin lura a nan shi ne, wanda ya leƙa waɗannan rumbuna zai tarar galibin abin da ke ciki kayan gidajen Turai da Amurka ne. Da wuya ya ci karo da sho-gilas irin na ɗakin amaryar Hausa, ko gado mai ƙafa shida da shida da allon kai irin wanda ake yayi a Jos da Bauchi, balle kujerar tsugunno ko ƙofar zaure. Saboda haka mai zanen gini da ke tsara wa wani attajiri gida a Rayfield zai cika zanen da kujerun ƙasashen waje, domin su ya samu a hannu. Maigida kuwa abin da ya gani a zane shi zai nema a kasuwa. Ta haka ciniki ke suɓuce wa kafintan gida tun kafin a zo maganar farashi.

Manyan kamfanoni sun daɗe da gane wannan. A shekarar 2014 aka bayyana cewa kimanin kashi uku cikin huɗu na hotunan kayan kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin da kwamfuta aka haɗa su, ba da kyamara ba. A 2017 kuma kamfanin ya fito da manhajar IKEA Place, wadda ta riƙa nuna wa mai saye yadda kujera za ta zauna a falonsa ta fuskar wayarsa, ba tare da ya biya ko kwabo ba. Ba don tausayi kamfanin ya yi haka ba. Masu iya magana sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi.

Ta fuskar tattalin arziki lissafin a fili yake. Katako idan an sayar wa wani ya tafi ke nan, sai an sayo wani. Samfurin kwamfuta kuwa sau ɗaya ake shan wahalar ƙera shi, bayan haka ko mutum dubu ne suka kwafa, na hannun mai shi bai ragu da komai ba. Abin da kwafinsa ba ya cin kuɗi yana da wuyar sayarwa da tsada, amma ya dace ƙwarai da talla. Kafinta ba da zane yake ci ba. Ribarsa tana cikin sanin busasshen katako da ɗanye, da iya haɗa gaɓa, da fenti, da cika alkawari a ranar da aka yanka. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ake saukewa ta intanet.

Ko shakka babu, wasu za su ce wannan buɗe wa masu satar fasaha ƙofa ne. Damuwar tana da tushe, sai dai ƙofar ta daɗe a buɗe. A halin da ake ciki duk sabon salon gado da aka ajiye a bakin shago, kafin la'asar an ɗauki hotonsa da waya, kafin wata ya ƙare an fara yin irinsa a layin baya. Bambancin kawai shi ne hoton waya ba ya ɗauke da sunan wanda ya ƙirƙiro. Samfurin da aka sake bisa ƙa'ida yana tafiya da sunan shago da lambarsa duk inda ya je. Lasisin Creative Commons, wanda aka fara fitarwa a watan Disamba na 2002, yana ba mai abu damar ya yarda a yi amfani da aikinsa bisa sharaɗin a ambaci sunansa, yana kuma iya ƙara sharaɗin kada a yi kasuwanci da samfurin.

Amma akwai jan kunne guda. A ƙarƙashin dokar rajistar ƙirƙira da fasalin kayan masana'antu ta Nijeriya ta 1970, ba a yi wa fasali rajista sai in sabo ne, kuma wanda aka riga aka baza wa jama'a ya daina zama sabo. Don haka wanda ya ƙago wani salo na musamman da yake son mallaka, sai ya fara yin rajista kafin ya saki samfurinsa. Kayan yau da kullum da kowa ke yi, su ne suka fi cancanta a fara da su.

Lokaci ma yana matsa lamba. Idan za a iya tunawa, a watan Yuni na 2015 Babban Bankin Nijeriya ya hana masu shigo da kaya iri 41 samun kuɗin waje a kasuwar gwamnati, ciki har da kayan ɗaki da filawud da ƙofofin katako. Wannan ya ba kafintocin gida 'yar inuwa har zuwa watan Oktoba na 2023, lokacin da bankin ya janye hanin. Faɗuwar darajar Naira tun daga 2023 ta sa kayan waje sun yi tsada, amma ta kuma tsauwala farashin filawud da fenti da maƙullai da kafinta ke saye. A irin wannan yanayi kowane fallen filawud mai ƙafa takwas da huɗu da aka ɓata saboda kuskuren awo, daga riba aka cire shi.

To, wa zai yi aikin? Galibin kafintoci ba su da kwamfuta, wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma wanda ke fafutikar abincin yau ba zai bar benci ya zauna koyon Blender ba. Bugu da ƙari, abin da amfaninsa na kowa ne yakan rasa mai ɗaukar nauyinsa, domin kowa jira yake wani ya biya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka wannan aiki ne na ƙungiyar kafintoci da ta 'yan katako. Kwamfuta ɗaya mai farantin hasken rana da matasa biyu da aka horar sun isa a fara.

Jos kuwa ba ta rasa masu koyarwa ba. Hedkwatar Asusun Horas da Ma'aikatan Masana'antu, watau ITF, wanda aka kafa a 1971, a garin take. Jami'ar Jos tana da sashen koyar da zanen gine-gine, wanda ɗalibansa ke neman wurin sanin makamar aiki kowace shekara. Akwai kuma Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya, inda aka san halin kowane itace. Garin ma ba baƙo ba ne ga al'adar kwaikwayon gini domin amfanin jama'a: a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, wanda masanin gini ɗan ƙasar Folan Zbigniew Dmochowski ya assasa, an sake gina kwatankwacin ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya domin kowa ya gani ya koya.

Sharaɗin nasara shi ne gaskiyar awo. Tilas samfuri ya zo daidai da abin da za a kawo wa mai saye, inci da inci, a kuma rubuta irin itacen, ko maɗaci ne ko loko ko malaina. Samfurin da ya fi kayan kyau zai jawo ciniki sau ɗaya, ya kore shi har abada. Daga ƙarshe, ya kamata shugabannin kasuwa su zaɓi kaya ashirin da aka fi saye, su sa a auna su a ƙera samfurinsu kafin kakar bukukuwa mai zuwa, su aika wa masu zanen gini na Jos da Abuja kyauta. Gani ya kori ji, kuma uban amarya da ya ga gadon 'yarsa zaune daidai a ɗakinta tun kafin ya biya, zai san shagon da zai koma idan auren ƙanwarta ya tashi.